Gahawar Samaru

Dakta Tabita ta ɗaga injin haɗa gahawar da hannu ɗaya, ta jijjiga shi kusa da kunnenta kamar mai sayen kwakwa, sannan ta dire shi a kan benci.

"Wannan ba inji ba ne, Obi. Gwangwani ne aka yi wa kwalliya."

Obi, mai shagon, ya dafe ƙirji. A Sabon Gari aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma shekara goma sha biyar ke nan yana sayar da kayan wuta na gwanjo da ake kwasowa daga Legas: dutsen guga, fanka, tukunyar dafa shinkafa, injin markaɗe. Bai saba a kushe masa kaya tun kafin a zauna ba.

"Haba Dakta! Dubi madannai. Dubi fitilu, ja da kore. Daga Amurka ya zo, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba."

"Na gani. Kyan ɗan maciji. Juya bayansa ka karanta abin da aka rubuta."

Obi ya juya, ya karanta. Wutar Amurka rabin tamu ce. Duk ranar da aka jona wannan a Samaru aka yi rashin sa'a wuta ta zo cikakkiya, ƙara ɗaya zai yi, sai hayaƙi.

Mijinta Aaron yana zaune a bakin ƙofa, ya ɗora hular kwanonsa a gwiwa. Tsohon malamin koyar da kafinta ne, mutum mai sanyin hali wanda duniyarsa ba ta wuce koko da safe da shayi da yamma ba. Shi ya goyo ta a babur daga Samaru, kuma tun a hanya yake tambayar abin da har yanzu bai samu amsarsa ba: yaya za a yi mutum mai hankali ya kashe kuɗin firiza a kan abin da ba ya fitar da fiye da kurɓi biyu?

Amsar doguwa ce, ta kai shekara goma sha biyu.

A shekarar 1994 Tabita sabuwar ma'aikaciya ce a sashen binciken tsirrai. Ta rubuta takarda tana neman a ba ta ɗan fili ta gwada shuka gahawa a ƙarƙashin inuwar itatuwa a nan Samaru. Shugaban sashen a lokacin shi ne Farfesa Oladipo, malaminta tun tana aji ɗaya a jami'a. Ya yi shekara biyar yana karatu a Italiya, ya dawo da abu biyu: digiri, da labarin esfireso. Babu ɗalibin da ya wuce ta hannunsa bai ji labarin nan ba. Gahawa ce, in ji shi, da inji ke matsowa da ƙarfi, ta fito da kauri, da kumfa ruwan zuma a kanta, kurɓi biyu ka gama, amma ka yini kana tuna ta. Abin da ake narkawa daga gwangwani a Zariya kuwa, ruwan wanke tukunya yake kiransa.

A gaban mutum goma sha ɗaya ya zare jan biro, ya ja layi a kan takardarta daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Tabita, gahawa 'yar tudu ce, 'yar sanyi. Ranar da ta yi 'ya'ya a Samaru, ki matsa mini ita a inji. Ni zan fara sha, in kuma tuɓe miki hular nan."

Ɗakin ya kaure da dariya, saboda kowa ya san hular. Irin ta Yarbawa ce mai karyewa gefe, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin kansa babu ita. Ɗalibai na cewa da ita yake wanka. Tabita ta yi dariya tare da su, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Da hutu ya zo ta shiga mota kwana biyu har tsaunin Mambila, ta dawo da dashe tara a cikin kwali a kan cinyarta. Ta dasa su a bayan gidanta, tsakanin mangwaro da ɗorawa. Biyar suka mutu a bazarar farko. Huɗun da suka rage ta yi musu renon jarirai: bokiti biyu da safe, biyu da yamma, in zafi ya tsananta ta jiƙa buhuna ta rataya musu. Kowace shekara sai su yi farin fure mai ƙamshi, ta fara murna, furen ya zube. Bana ne kaɗai ya kama. Ta tsince jajayen 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare, ta shanya a faifai. Da ta ware na iri, abin da ya rage bai cika gwangwanin madara ba.

Shi kuwa Farfesa ya yi ritaya. Babbar mota ta riga ta kwashi kayansa zuwa Ogbomosho, shi ma zai bi ta ranar Asabar ta sama. Tabita ta same shi a ofis yana ɗaure littattafai, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, Asabar da ƙarfe goma, a gidana. Ka zo da hularka." Ya dube ta ta saman tabarau ya ce zai biyo a kan hanyarsa.

Saboda haka kwana goma gare ta, da gwangwani ɗaya wanda bai cika ba. Ba ta da lokacin sayen gwangwani mai kwalliya.

"To ga babban yaya," in ji Obi. Ya yaye wani ƙyalle, sai ga wani ƙaton inji mai baki biyu, faɗinsa ya kai na akwatin aure. "Daga wani otal ya fito. Wannan ko gwamna ya sha ya gode."

Ya fita ya ja janareta, ya dawo ya jona. Injin ya yi gurnani, janareta ya yi tari, fitilun shagon suka dusashe suka dawo. Ruwan zafi ya tsiyayo da ƙarfi. Obi ya baje hannuwa yana murmushi.

"Kashe janareta," in ji Tabita. "Sa shi a wutar layi."

"Dakta, wa ke gwada kaya a wutar layi? Dubi ƙwan fitilar can, kamar garwashi."

"Irinta ce a gidana. Ita zai sha, ba fetur ɗinka ba."

Obi ya yi yadda ta ce, ba don ya so ba. Ƙaton injin ya yi ta ƙugi kamar ƙudan zuma a cikin tulu, suka jira, suka ƙara jira, ko ɗigo bai fito ba.

"Ba girin-girin ba, ta yi mai," in ji Tabita. "Me ke ƙarƙashin tamfol ɗin can?"

Duk wanda ya san kasuwar gwanjo ta Sabon Gari ya san kaya iri biyu ne. Akwai gwadadde: a jona a gabanka, ka gani da idonka, ka biya cikakken farashi, in ya ba da matsala cikin kwana uku ka dawo da shi. Akwai kuma wanda ba a gwada ba, yadda ya fito daga kwantena haka ake jibge shi, shi kansa mai shago bai san mai rai da matacce ba. Wannan da sauƙi yake, amma ba a jona shi, kuma in ka tsallake ƙofa da shi ya zama naka har abada. Sa'arka kake saya. In ka matsa sai an jona, to ya bar wannan layi ke nan, in ya tashi farashinsa ya ninka uku.

Tabita ta durƙusa a gaban tulin, ta ture wani rediyo marar murfi da injin busar da gashi. Ta kama wani abu ta ja, ya ƙi tasowa. Sai da ta sa hannu biyu.

Ba shi da kyan gani. Wata 'yar tukunya ce a tsaye a kan gindin ƙarfe, ta yi baƙi-baƙi, da lotsawa a gefe ɗaya, da dogon mariƙi irin na famfon burtsatse. Babu madanni ko ɗaya, sai makunni.

"Wannan?" Obi ya yi dariya. "Na ɗauka na matse lemo ne. Wani ya ce kayan asibiti ne."

Ta kankare gefen tukunyar da makullin gida, tagulla ta haska. Ta kwance murfin, ta leƙa ciki da 'yar tocilan, ta shinshina. Ta ɗaga mariƙin a hankali ta sauke, tana sauraren yadda iska ke fita. Ta sa farce ta ɓanɓaro wata busasshiyar roba da ta zagaye bakinsa. Sannan ta miƙe tana kaɗe zaninta, fuskarta kamar wadda ta tsinci kuɗi a aljihun tsohuwar riga.

"Shi zan ɗauka."

"Maman Precious," Aaron ya yi magana a karon farko, "sai an gwada akan san na ƙwarai."

"Baban Precious, na gwada shi da idona. Abu uku ne kawai za su iya lalacewa a jikinsa: roba, waya, da ƙarfen da ke dumama ruwa. Duk ukun akwai mai yinsu a garin nan. In wuta ta zo rabi, sai dai ya daɗe kafin ya tafasa. Ƙarfin matsawar kuwa daga hannuna zai fito, hannuna kuma ba a ɗauke masa wuta."

"Ya tsufa fa."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

Obi ɗan kasuwa ne, ya ga hasken tagullar nan, ya kuma ga hasken idonta. Ya ce ko a kilo ya sayar wa maƙera zai ci riba. Suka yi ta ja-in-ja, ta fita har bakin titi, ya kira ta ta dawo, ta sake fita, ya sake kira. Daga ƙarshe aka daidaita a kan abin da ya kai kuɗin tunkiya mai ciki. Aaron ya yi wa firiza ta'aziyya a zuci.

Yana neman kwalin da zai sa injin, Obi ya ci karo da wanda ya zo a ciki tun asali. A ƙasansa akwai ƙunshin garin gahawa wanda ba a fasa ba, da wani ɗan akwatin katako mai mariƙin juyawa a sama da 'yar aljihu a ƙasa.

"Dakta, tare suka zo. Ƙara ɗan wani abu ki haɗa da wannan."

"Abin niƙa ne. Ba na buƙata."

"Ni dai ban san gahawa ba, amma na san kaya. Wanda ya haɗa su a kwali ɗaya ba mahaukaci ba ne."

"Obi, ni da na tashi da taɓarya a hannu? Tun ina shekara bakwai nake daka. Wannan abin wasan yara ne na mutanen da ba su da turmi." Ta ɗauki ƙunshin garin ta jefa a jaka. "Wannan kuma gyarana ne."

Obi ya ɗaga kafaɗa, ya tura ɗan akwatin ƙarƙashin benci da ƙafa.

A gaskiya, wajen zaɓen inji Tabita ba ta yi kuskure ba ko na ƙwayar zarra. Wani mai gyaran birkin mota a Palladan ya yanka mata sabuwar roba cikin minti goma. Ta dafa ruwan lemon tsami a cikin tukunyar har sau biyu, ta goge bayanta da toka, tagulla ta fito ja-wur. Aaron da kansa ya sa sabuwar waya, yana yi yana gunaguni. Da aka kunna, wutar rabi ce kamar kullum, injin ya yi minti ashirin da biyar yana tunani, sannan ya fara huci. Ta yi ta koyon hannu da garin gyaran Obi. Na farko ya fantsama mata a riga. Na biyu ya fito tsararo. A na biyar ne ta gane yawan garin, da yadda ake danne shi, da saurin da ake sauke mariƙin, sai ga abu ya zubo siriri mai kauri, kumfa ruwan zuma ta taru a kai. Ta miƙa wa mijinta.

Ya kurɓa, ya runtse ido. "Wannan ai maɗaci ne. A kansa aka hana mu ruwan sanyi?"

"Haka ake so ya yi," in ji ta, tana jin daɗi har cikin ranta.

Ranar Juma'a da yamma ta soya tata gahawar. Ba ta da abin suyar Turawa, ba ta kuma nema ba. Ta zuba yashi mai tsabta a kasko yadda ake suyar gyaɗa, ta yi ta juyawa, kunnenta na jiran ƙarar fashewar ƙwayoyin. Da suka yi launin dabino ta sauke, ta tankaɗe yashin, ta fifita. Ƙamshin ya tsallake katanga, har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar me ake toyawa.

Asabar da sassafe ta ɗauko ƙaramin turmin Inna, mahaifiyarta mai rasuwa. Na ƙirya ne, ya yi santsi saboda shan hannu. Da shi Inna ta daka wa Tabita yajin jego lokacin da ta haifi Precious, da shi kuma ake daka citta da kanumfari da masoro da barkonon gidan nan shekara talatin. Tabita ba sakarya ba ce: ta wanke shi da ruwan zafi sau uku tun jiya, ta kife shi a rana. Ta shinshina, ba ta ji komai ba. Ta juye gahawar duka a ciki, don kaɗan ce, ba ta isa a raba ba. Ta daka, ta tankaɗe da rariya mai laushi, ta mayar da tsakin ta sake dakawa, har garin ya yi daidai da na gyaran Obi. Sau biyu ta yi atishawa. Ta ce ƙurar gahawa ce.

"Ki matsa ɗaya mana ki ɗanɗana," in ji Aaron.

"A'a. Cewa ya yi shi zai fara sha. Shekara goma sha biyu ina riƙe da maganar nan, ba zan karya ta da saura awa biyu ba."

"Wato kayan da ba a gwada ba za ki ba shi."

"Na sayi inji ba a gwada ba, ka ga ya ba ni kunya?"

Aaron ya juya ya tafi gyara falo.

Ƙarfe goma saura kaɗan mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure ragowar kaya a saman rufinta. Dele ɗan Farfesa ne ke tuƙi, ya gaishe su ya ce zai jira a inuwa. Farfesa Oladipo ya fito yana dogara sanda. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma hular na nan a karye gefen dama kamar yadda take tun ranar da Tabita ta fara ganinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, Aaron ya riƙe masa hannu har falo.

Yana ganin injin a kan tebur ya tsaya cak. Ya matsa, ya shafa mariƙin da yatsu biyu.

"Ina kika samo wannan?"

"Sabon Gari, Baba. A cikin kayan da ba a gwada ba."

"Irinsa ne sak a shagon da ke ƙasan ɗakina, lokacin ina ɗalibi. Wata tsohuwa ce ke jansa, hannunta kamar na maƙeri." Ya zauna a hankali. "Shekara arba'in ban ga irinsa ba."

Wutar rabi ce, saboda haka suka sami lokacin hira. Ya tambayi Precious da karatunta a Jos. Ya yi ƙorafin gwiwa, ya ce a Ogbomosho yanzu bai san kowa ba sai kaburbura, shi da ya fi iya hanyoyin Tudun Wada a kan na garinsu. Tabita na amsawa, amma hankalinta na kan tukunyar. Da ta fara huci ta miƙe. Ta auna garin, ta danne, ta ɗaura. Ta ɗaga mariƙin, ta ƙirga goma a zuci, ta fara saukewa da ƙarfin kafaɗa. Gahawar ta zubo siririya, mai duhu, kumfa ta taru a kanta har ta fi ta gyaran Obi kyau.

Ta ɗora ɗan kofin a faranti, ta miƙa masa da hannu biyu.

Farfesa ya daɗe yana kallon kumfar. Ya karkata kofin, kumfar ta bi ba ta tsage ba. Ya gyaɗa kai. Ya kurɓa sau ɗaya, ya tsaya. Ya kurɓa na biyu, ya ajiye kofin.

Zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Idanunsa suka kawo ruwa. Zuciyar Tabita ta cika fal, ta ɗauka tuna baya ne ya sa tsohon hawaye. Sai ya buɗe baki yana jan iska, ya sarƙe da tari, ya miƙa hannu wajen Aaron.

"Ruwa, ɗana. Ruwa!"

Tabita ta dangwali ragowar kofin da yatsa ta kai baki. Ɗaci ya fara zuwa, mai kyau, irin wanda take nema. Bayansa citta ta biyo, sai kanumfari, sannan barkono ya taso ya rufe su duka ya kama mata maƙogwaro. Ta ga turmin, ta ga atishawar nan biyu, ta ga ƙafar Obi tana tura ɗan akwati ƙarƙashin benci. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

"Turmin Inna ne," ta faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na yaji ne. Na wanke shi sau uku."

Farfesa ya shanye ruwan, ya share ido, sannan ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Aaron ya juya baya yana gyaran labulen da babu abin da ya same shi. Tabita ba ta yi dariya ba. Wannan karon ba za ta taya kowa ba.

"Ina sauran?" in ji Farfesa da ya samu numfashi.

"Duka na daka."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa takarda kafin ya zare biro.

"Inji kin zaɓa daidai, ba zan rage miki komai ba. Hannunki ma ya iya. Amma cewa na yi zan sha gahawar Samaru. Abin da na sha yajin mahaifiyarki ne, Allah ya ji ƙanta, ta iya haɗi. Gahawarki kuwa ban san ɗanɗanonta ba. Ke ma ba ki sani ba."

"Ta yi 'ya'ya, Baba. Ka ce ba za ta yi ba, ta yi."

"Magana biyu ce. Ta yi 'ya'ya, in sha. Ɗaya ta cika." Ya sa hannu ya gyara zaman hular.

Hali zanen dutse. Shekara goma sha biyu na ɗaukar bokiti, tsohon nan zai shiga mota da hularsa a ka, kuma ba lallai ne su sake haɗuwa a duniya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ta tattara kofi da faranti.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba," ta ce, ta shige kicin.

Daga can ta ji yana ce wa Aaron ya nuna masa inda zai kuskure baki. Ta ji ƙarar sandarsa ta bi ta ƙofar baya, ta wuce randa, ta ci gaba zuwa wajen mangwaro. Tagar kicin na kallon wajen, amma ta ƙi ɗaga kai. Ta wanke ɗan kofin nan, ta ɗauraye, ta sake wankewa. Sun daɗe a can, ba ta jin maganar kowa. Sai daga baya ta ji sun zagaya ta gefen gida, ƙofar mota ta rufe, inji ya tashi.

Nan ne zuciyarta ta ce mata wannan ba tarbiyya ba ce, malaminki ne. Ta goge hannu ta fito da sauri. Motar ta riga ta kai kwanar layi. Ta gilashin baya ta hango wani kai a kujerar mai zaman banza, sanƙo tas, rana na haskawa a kansa. Sai da motar ta ɓace ta gane kan wane ne, don ba ta taɓa ganinsa ba.

Aaron na tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Ya ce in gaya miki ajiya ce, ba kyauta ba. Wai baɗi war haka zai zo ya karɓi abarsa."

Ta zagaya bayan gida. Itatuwan huɗu na nan a inuwarsu, ganyensu na sheƙi, ƙasar gindinsu da sauran damshin bokitin safe. A reshen mafi tsayi daga cikinsu, wanda ya fi ba da 'ya'ya bana, hular na rataye, a karye gefen dama.

Tabita ta tsaya a gabanta, ba ta taɓa ta ba. Can ta share fuska da gefen zani, ta ɗaga murya.

"Baban Precious, tayar da babur. Obi da wuri yake rufe shago ranar Asabar."